Mazan Jiya Masu Raunin Laka: Ko Ƙayyade Lokacin Cin Abinci Zai Rage Musu Ƙiba?

A zamanin Yaƙin Duniya na Farko, wanda aka gwabza daga 1914 zuwa 1918, in harsashi ko ɓarɓashin bom ya tsinke wa soja laka, watau farar jijiyar nan da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta bi ta cikin ƙashin baya, to, likitoci ba su cika sa rai da shi ba. Wani babban likitan sojan Amurka mai suna Harvey Cushing ya ba da lissafi cewa cikin goma, wajen takwas su kan cika tun ba su yi 'yan makonni ba. Waɗanda suka tsallake wannan kuma, galibi ruɓar mafitsara da ƙoda ce ke ƙarasa su, ko kuwa gyambon da ke fitowa a kwankwaso da ɗuwawu sabo da daɗewa kwance wuri guda.

Al'amarin bai sake ba sai cikin Yaƙi na Biyu. A watan Fabrairu na 1944 gwamnatin Ingila ta buɗe wani sashe na musamman a asibitin Stoke Mandeville, ta damƙa shi hannun Likita Ludwig Guttmann, wani Bayahuden Jamus da ya gudo daga mulkin Hitila a 1939. Shi ne ya kafa doka a riƙa juya majiyyaci bayan ko wace awa biyu, dare da rana, a kiyaye tsabtar mafitsara, sa'an nan da mutum ya sami sauƙi a tashe shi a ɗora shi bisa keke, a ba shi sana'a da wasa. Ran 29 ga Yuli 1948, ranar da aka buɗe wasannin Olamfik a Landan, mutum 16 daga cikin sojojin da suka yi rauni suka yi gasar harbi da kwari da baka a filin asibitin. Wannan 'yar gasa ce ta girma har ta zama wasannin naƙasassu na duniya, waɗanda aka fara a birnin Rum a 1960. Amurka ma ta bi sawu, har yau Ma'aikatarta ta Kula da Mazan Jiya, wadda su ke taƙaita sunanta da VA, tana da cibiyoyi 25 na masu raunin laka kaɗai.

Albarkacin wannan aiki, sojan da a da ba ya wuce wata guda, yanzu ya kan yi shekara talatin ko arba'in bisa kekensa, ya yi aure, ya ga jikoki. Amma fa tsawon rai ya zo musu da wani abokin gaba wanda Guttmann bai fara da shi ba, shi ne kitse. Ciwon zuciya ya shiga sahun gaba cikin abubuwan da ke kashe waɗanda suka daɗe da raunin, ciwon sukari kuma ya fi yawa a cikinsu bisa ga sauran jama'a. Ƙididdigar da aka yi a asibitocin VA ta nuna fiye da rabin mazan jiya masu raunin laka nauyinsu ya wuce kima, ko da an auna su da ma'aunin masu lafiya. Nan gaba kaɗan za mu ga wannan ma'auni ma sassauci ya ke yi musu.

DALILIN ƘIBAR

Kada mai karatu ya yi gaggawar cewa haɗama ce ko lalaci. Tsoka ita ce murhun jikin ɗan Adam, a cikinta a ke ƙone mafi yawan sukarin da ke shiga jini bayan an ci abinci, kuma manyan tsokokin jiki su ne na cinya da ɗuwawu da sha raɓa. Da zarar laka ta tsinke, saƙon ƙwaƙwalwa ya daina isa gare su, sai su shiga motsewa, cikin 'yan watanni kaurinsu ya ragu ƙwarai, kitse ya kutsa ya cike gurbin. Sabo da haka ko mutumin yana kwance ba ya kome, abin da jikinsa ke ƙonewa ya gaza na mai lafiya. Masu bincike sun kimanta ragin da kashi 14 zuwa 27 cikin 100. A asibitin mazan jiya na unguwar Bronx, cikin birnin Niyu Yok, Likita William Bauman da Malama Ann Spungen sun yi wata dabara mai kyau don tabbatar da wannan. Suka nemo tagwaye masu kama ɗaya, ɗaya da raunin laka, ɗaya lafiya lau, suka auna su. Suka tarar mai raunin ya fi ɗan'uwansa ƙarancin tsoka nesa ba kusa ba, kuma abin da jikinsa ke ƙonewa ya ragu gwargwadon tsokar da ya rasa.

Murhu ya ƙanƙance, amma itacen da a ke tura masa bai ragu ba, domin raunin laka ba ya taɓa harshe, ba ya taɓa sabo. Ƙato ne da ya saba da cin soja, ga shi yanzu zaune yini guda, ga kaɗaici, ga rashin barci sabo da zogi, ga 'yan'uwa ko wa ya zo gaisuwa da ɗan abin daɗi a hannu. Wasu magungunan zogin jijiya ma, irin su gabapentin da pregabalin, suna ƙara nauyi. Akawuna su ɗauki alƙalami su buga wannan lissafi. Ƙarfin abinci da kalori a ke auna shi. Gwangwanin lemon zaƙi guda yana da wajen kalori 140, kilo guda na kitsen jiki kuma wajen kalori 7,700 ne. In mutum ya riƙa shan gwangwani ɗaya kullum bisa abin da jikinsa ke bukata, a shekara ya tara kalori 51,100, watau fiye da kilo 6. Jiki dai ba ya bin alƙalami daidai wa daida, gama in nauyi ya ƙaru abin da a ke ƙonewa ma ya kan ɗan ƙaru, amma lissafin ya isa ya nuna yadda ƙaramin abu ke taruwa.

Wani abin da ya fi wannan ban tsoro shi ne sikeli yana ruɗi. Likitoci suna da wani awo na gane ƙiba: a ɗauki nauyin mutum da kilo, a raba da tsawonsa na mita wanda aka riɓanya da kansa. In amsa ta kai 25 nauyi ya fara yawa, in ta kai 30 an shiga ƙiba sosai. Mutum mai tsawon mita 1.70 ke nan sai ya kai wajen kilo 72 kafin a ce ya fara yawa, sai ya kai wajen kilo 87 kafin a kira shi mai ƙiba. To, amma tsoka ta fi kitse nauyi. Wanda tsokar ƙafafunsa ta zube, kitse ya maye, sai a ɗora shi bisa sikeli a ga nauyinsa daidai, alhali kuwa cikinsa cike ya ke da kitse. Don haka a 2009 wasu masu bincike na ƙasar Kanada suka ba da shawara a sauko da iyakar zuwa 22 ga masu raunin laka. Mutumin nan namu mai mita 1.70, in bisa keke ya ke, tun daga kilo 64 ya kamata a fara lura da shi.

Ɓarnar nauyi kuma ga irin wannan mutum ta wuce ta zuciya da sukari. Kafaɗunsa su ne ƙafafunsa. Da su ya ke tura keke, da su ya ke ɗaga kansa daga gado zuwa keke, daga keke zuwa mota ko makewayi, sau da yawa a yini. Ko wane kilo da ya ƙaru, kafaɗa ce ke biya, ran da kafaɗa ta gaza kuwa, mutumin da ke yi wa kansa kome ya koma sai an ɗauke shi. Fatar mazauninsa tana ƙara matsuwa, keken da aka auna masa ya yi masa kaɗan ya riƙa gurzar kwiɓi inda ba ya ji, numfashi ya yi nauyi cikin barci. Mai jinyarsa kuma, wadda sau da yawa matarsa ce, ita ma shekaru suna ja, bayanta ne ke ɗaukar ragowar.

Mai lafiya in ya yi ƙiba a kan ce masa ya yi tafiya, ya yi gudu. Wannan kuwa da hannu kaɗai zai motsa jiki, tsokar hannu kuma ƙarama ce, ba ta cin wuta kamar ta cinya, balle wanda raunin ya same shi a wuya, hannun ma ya shanye. Motsa jiki yana da amfani ƙwarai ga zuciyarsa, amma shi kaɗai da wuya ya sauke nauyi. Magana ta koma kan akushi ke nan. Tun 2006 VA ta ke da wani shiri na rage ƙiba mai suna MOVE! a asibitocinta, inda a ke koya wa mazan jiya auna abinci da rubuta abin da suka ci. Hanya ce mai kyau ga wanda ya jure. Sai dai ƙidayar kalori kullum aiki ne mai gundura, ya fi gundura ga wanda wani ne ke dafa masa, wani ne ke zuba masa, yatsunsa ma ba su riƙe alƙalami. Wannan ya sa hankalin likitoci ya koma ga wata hanya wadda ba ta bukatar sikelin abinci ko littafi, sai agogo.

YADDA DABARAR TA KE

Abin ba shi da wuyar faɗi. Mutum ya zaɓi awa 8 ko 10 cikin yini, ya ci duk abin da zai ci a cikinsu, sauran awa 16 ko 14 kuwa ya kame baki daga duk abin da ke da kalori. Misali ya karya kumallo da ƙarfe 10 na hantsi, ya yi cin ƙarshe kafin ƙarfe 6 na yamma. Ba a hana shi wani irin abinci ba, ba a ce ya ƙidaya kome ba. Masu karatu za su tuna da azumi, amma akwai bambanci biyu manya. A nan ana shan ruwa ko yaushe, har da shayi ko gahawa marar sukari da madara, sa'an nan cin da rana a ke yi, daren ne a ke kamewa.

Asalin maganar daga ɓeraye ne. A 2012, a cibiyar bincike ta Salk da ke Kalifoniya, Malam Satchidananda Panda da abokan aikinsa suka raba ɓeraye kashi biyu, suka ba su abinci mai maiƙo iri ɗaya. Kashi na farko aka bar musu akushi buɗe dare da rana, na biyu aka ba su awa 8 kaɗai. Abin da suka ci ya zo kusan daidai, amma na farko suka yi teɓa, hantarsu ta yi kitse, na biyun kuwa suka tsira daga mafi yawan wannan. Bayanin da aka bayar shi ne jiki yana da agogonsa na ciki, hanta da hanji da sauran gaɓoɓi ko wanne da lokacin aikinsa da na hutunsa, kuma jiki ya fi iya sarrafa sukari da safe bisa ga dare. Maganar agogon jiki tabbatacciya ce, a kanta aka ba Amurkawa uku kyautar Nobel ta likitanci a 2017. Daga baya, a 2015, Panda ya sa mutane su riƙa ɗaukar hoton duk abin da suka kai baki da wayar hannu. Ya tarar fiye da rabinsu daga lomar farko zuwa ta ƙarshe awa 15 ne ko fiye, ko da ya ke in an tambaye su cewa su ke sau uku su ke ci.

Amma ɓera ba mutum ba ne, kuma da aka zo kan mutane labarin ya yi sanyi. A 2018, a Jami'ar Illinois ta Shikago, Malama Krista Varady ta gwada mutum 23 masu ƙiba, suna ci daga ƙarfe 10 na safe zuwa 6 na yamma har mako 12. Nauyinsu ya ragu da kashi 2.6 cikin 100, kuma aka lura sun rage cin wajen kalori 300 a yini ba tare da sun yi niyya ba. A shekarar nan kuma a Jihar Luwiziyana aka gwada maza 8 da ke bakin kamuwa da ciwon sukari, aka sa su gama cin yini tun kafin ƙarfe 3 na rana, aka kuma ba su abinci isasshe don kada su rame. Bayan mako 5 jikinsu ya ƙara jin insulin, watau sinadarin da ke shigar da sukari cikin tsoka, hawan jininsu ya sauka. Waɗannan duka sun ƙarfafa zuciya, sai dai mutanen kaɗan ne.

Manyan gwaje-gwajen, waɗanda a ke raba mutane ta hanyar ƙuri'a don kada son rai ya shiga, su ne abin dubawa. A 2020 a San Faransisko aka gwada mutum 116 har mako 12, rabi suna ci daga ƙarfe 12 na rana zuwa 8 na dare, rabi suna cin sau uku yadda aka saba. Na farko suka rage abin da bai kai kilo guda ba, na biyu suka rage ɗan ƙasa da haka, bambancin bai taka kara ya karya ba. A 2022 a birnin Guangzhou na ƙasar Sin aka bi mutum 139 shekara guda cur, dukansu an rage musu kalori, amma rabi an ƙara musu da ƙa'idar ci daga ƙarfe 8 na safe zuwa 4 na yamma. Masu agogo suka rage kilo 8, marasa agogo kilo 6.3, kuma masu lissafi suka ce ratar ba ta kai a dogara da ita ba. A 2023 kuma Varady ta sake gwaji da mutum 90, shi ma shekara guda, ta gwama masu duban agogo da masu ƙidayar kalori. Duka biyun suka rage wajen kilo 4 zuwa 5 bisa ga waɗanda ba su yi kome ba.

Abin da mu ke gani cikin wannan duka shi ne agogo ba shi da wani asiri. Amfaninsa mafi girma shi ne yana rufe ƙofar ciye-ciyen dare, ya sa mutum ya rage ci ba tare da ƙidaya ba. Bai fi ƙidayar kalori ba, amma a gwajin Shikago na shekara guda bai gaza ta da wani abin kirki ba, ga shi kuwa ya fi ta sauƙin riƙewa nesa. Wannan sauƙi ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da rayuwarsa ta riga ta cika da ƙa'idodi, na fitsari, na juyi, na magani. Rage kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na nauyi kuma, ko da ya ke ba ya cika ido, ya isa a ga alamarsa a sukarin jini.

INDA GIZO KE SAƘAR

Duk gwaje-gwajen nan da muka lissafa a kan masu tafiya da ƙafafunsu aka yi su. Jikin mai raunin laka kuwa yana da nasa sharuɗɗa, waɗanda in ba a kiyaye su ba, gyara ya zama ɓarna.

Na farko tsoka. A gwajin San Faransisko, da aka auna wasu daga cikin mutanen da na'ura, aka ga babban rabo na ɗan abin da masu agogo suka rage ba kitse ba ne, tsoka ce da ruwa. Wasu gwaje-gwajen ba su sami haka ba, amma gargaɗin ya isa. Mai lafiya in ya rasa rabin kilo na tsoka ba zai ko sani ba. Wanda tsokar hannu da kafaɗa ce kaɗai jarinsa, in ta ragu, a hawa gado zai gane. Sa'an nan fata tana bukatar abinci mai gina jiki, irin su nama da kifi da ƙwai da wake da madara, don ta jure matsi. Ramar gaggawa kuma ta kan zare ɗan matashin naman da ke tsakanin ƙashi da fata a mazauni. Sabo da haka wanda ke da gyambo buɗe ba shi da hurumin wannan dabara sai ya warke, haka wanda bai daɗe da samun raunin ba, gama a watannin farko jiki zubewa ya ke yi da kansa.

Na biyu hanji, wanda ya ke abin kunyar faɗi ne amma shi ne ke mulkin yinin mai raunin laka. Da ya ke ba ya jin matsuwar bayan gida, ba ya kuma iya riƙewa, a kan tsara masa lokaci guda, kullum ko bayan kwana bibbiyu, a taimaki hanjin ya fitar. An kuwa saba ɗora wannan lokaci bayan cin abinci ko shan abu mai ɗumi da kamar minti 20 zuwa 30, domin shigar abinci ciki ita ke ta da hanji. Mutumin da ya shekara goma yana yin nasa bayan karin kumallo da ƙarfe 7, in aka ce kada ya ci kome sai tsakar rana, an rushe masa gini. Ko dai cikinsa ya ɗaure, ko kuwa abin ya zo masa a kasuwa ko cikin mota. Tsoron wannan kaɗai ya kan tsare mutum a ɗaki wata da watanni.

Ɗaurewar ciki kuma ga wasunsu ta wuce rashin jin daɗi. Ƙashin baya yana da gaɓoɓi 12 waɗanda haƙarƙari ke manne da su. Wanda rauninsa ya ke a gaɓa ta shida ko sama da ita, in wani abu ya dami jikinsa a ƙasan raunin, kamar cikar mafitsara ko taurin bayan gida, jijiyoyin jini su kan tsuke gaba ɗaya, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta da hanyar aika musu su saki. Nan take jini ya hau, kai ya yi kamar ya tsage, fuska ta yi ja, gumi ya karyo. In ba a zaunar da shi an kawar da dalilin da sauri ba, abin ya kan kai ga farfaɗiya ko fashewar jijiya a ƙwaƙwalwa. A sauran lokatai kuma waɗannan mutane jininsu ƙasa ya ke, in an tashe su zaune su ji jiri. Cin abinci mai yawa a zama ɗaya yana janye jini zuwa ciki ya ƙara saukar da shi, wanda kuwa aka matse wa lokacin ci, cika akushi ya kan yi.

Sai maganar magani da ruwa. Akwai magungunan da ba a sha sai da abinci. Mai ciwon sukari da ke yin allurar insulin, ko ya ke shan ƙwayoyin da ke matso insulin, in ya daɗe bai ci ba sukarinsa zai faɗi. Mai lafiya in haka ta same shi zai ji rawar jiki da gumi da bugun zuciya, ya nemi abin zaƙi. Wanda rauninsa ke wuya kuwa, hanyar da ke kawo waɗannan alamu ta yanke, sai ya iya suma ba tare da gargaɗi ba. Ruwa kuma tilas ne a ci gaba da sha cikin awoyin kamewa, a rarraba shi daidai da lokatan da a ke zuƙe fitsari da roba, gama ƙarancin ruwa shi ke kawo tsakuwar ƙoda da ruɓar mafitsara, tsofaffin abokan gaban nan na zamanin Cushing. Tsakuwar matsarmama ma ta fi yawa ga masu raunin laka, kuma saurin rama yana ƙara ta.

Akwai wata magana da ke yawo wadda ya kamata a tsayar. A 2008 masu bincike a birnin Bankuba na Kanada sun ba da labarin ɓerayen da aka yi wa rauni a lakar wuya, aka riƙa ba su abinci yau a hana su gobe, suka fi 'yan'uwansu samun motsin ƙafa. Wannan gwajin dabba ne, a kan sabon rauni, kuma tsarin cinsa daban ne da wanda mu ke magana. Kada wani ya ɗauki wannan ya sa wa majiyyaci rai cewa yunwa za ta ɗinke masa laka.

Duk da waɗannan sharuɗɗa, ba mu ga dalilin jefar da dabarar ba. Abin da ya bayyana shi ne ga mai raunin laka ba a fara zaɓen awoyi sa'an nan a tilasta wa jiki ya bi. Sai a zauna da likita da masanin abinci, a shimfiɗa yinin mutumin kamar yadda malami ke shimfiɗa jadawalin darussa: ga lokacin da mai taimakonsa ke zuwa ya tashe shi, ga lokacin hanji, ga na ko wane magani, ga lokacin da iyali ke haɗuwa kan abinci. Sa'an nan a nemi awoyin da suka dace da waɗannan. Mai yin hidimar hanji da safe, tsarin da ya fara da wuri ya ƙare kafin magariba zai fi masa, wannan kuwa shi ne ya fi dacewa da agogon jiki. Mai yin tasa da dare sai a ja masa awoyin baya. Hankali ya fi karɓar a fara da awa 12, in jiki ya saba a sauko zuwa 10, maimakon a faɗa wa 8 rana ɗaya. Cikin awoyin kuma a raba abincin sau uku madaidaita, ko wanne da abin gina jiki da ganye, gama wanda ya cika awa 8 da soye-soye da lemon zaƙi bai yi kome ba.

Tun daga 2021, da hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da allurar Wegovy don rage ƙiba, wasu sun ɗauka zancen tsarin ci ya ƙare. Alluran nan suna sauke nauyi fiye da agogo nesa, wannan gaskiya ne. Amma suna da tsada, suna rage saurin tafiyar abinci a ciki, suna kawo taurin bayan gida ko gudawa, kuma tare da kitsen har tsoka su kan ɗiba, waɗannan kuwa su ne daidai wuraren da mai raunin laka ba shi da rara. Ko an ba shi allurar, lura da abin da ya ke ci da lokacin da ya ke ci ba ta faɗi ba.

Saura yadda za a gane ko abin yana aiki. Auna mai keke sai da sikeli na musamman wanda a ke hawa da keken, a kuma cire nauyin keken daga baya, ba ko wane gida ke da shi ba, ga shi mun riga mun ga sikelin ma yana ruɗi. Tef ɗin tela ya fi shi faɗin gaskiya. A auna kewayen ciki mutum yana kwance rigingine, bayan ya fitar da numfashi, a wuri ɗaya ko wane wata. A Amurka iyakar da a ke ba namiji mai lafiya santimita 102 ce, amma wani binciken Kanada na 2014 ya nuna ga masu raunin laka haɗarin zuciya yana farawa tun daga santimita 94. Tare da tef ɗin a riƙa duba fatar mazauni da madubi safe da yamma, a rubuta ranakun da hanji ya saɓa, a kuma lura ko hawa gado daga keke yana ƙara sauƙi ko yana ƙara wuya. In ciki yana raguwa amma hannu yana sanyi, ko jiri ya yawaita, sai a faɗaɗa awoyin a koma wurin likita.